Malam Bukar, Wanda Ya Tayar da Agogon Yayana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina riƙe da kofin shayi wayata ta yi ƙara, na ga sunan Falmata, 'yar Malam Bukar ta fari. Tun kafin ta yi magana na san ba lafiya ba, don ba ta saba kirana da sassafe ba.

"Baba Tela," ta ce, "abokinka ya riga mu gidan gaskiya."

Shi ke nan. Malam Bukar mai agogo na Gaya ya tafi.

Yanzu muka dawo daga kai shi makwancinsa. Na zauna na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ce bari in rubuta.

Ku da kuke bibiyar shafin nan saboda hotunan tsofaffin agogunan hannu da nake sakawa, da yawanku kun sha tambayata a kwamen: "Baba, wai yaya aka yi ka fara?" Kullum sai in ce wata rana. To ga ranar ta zo, amma ban so ta zo a haka ba.

Ni ban fara don sha'awa ba. Wallahi lokacin ko karanta agogo ban iya sosai ba.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin, ina saurayi, ina ɗinki a wata 'yar rumfa a kasuwar Gaya. Gidanmu a Balan yake, noma muke yi kamar kowa, ni ne dai na fita na koyi keken ɗinki. A gefen rumfata akwai wani ɗan tebur mai gilashi a sama, wani dogon mutum baƙi yana zaune a bayansa da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. Malam Bukar ke nan. Ya girme ni da 'yan shekaru. Kakanninsa daga Barno suka zo tun da daɗewa, su ma noma suke yi, suna taɓa fataucin kanwa. Shi kaɗai ya fita zakka a gidansu ya kama gyaran agogo.

Bai taɓa kirana da sunana ba. Tela. Har ya koma ga Allah, Tela.

Idan rana ta take, zai miƙo min rabin rogonsa ba tare da ya ɗago kai daga aiki ba. Idan keken ɗinkina ya fara cin zare, kafin in buɗe baki ya taso da ɗan sukundirebansa.

A lokacin yayana Garba yana soja, an tafi da su yaƙin basasa. Babanmu ya riga ya rasu, daga ni sai shi a wurin Innarmu.

Wata rana da damina wani soja ya zo Balan yana tambayar gidanmu. Ya durƙusa a gaban Inna, ya faɗi abin da ya zo faɗa, ya kwance wani ƙunshi. Hular Yaya Garba ce, da carbinsa, da agogon hannunsa. Agogon ya tsaya, gilashinsa ya tsage, laka ta bushe a cikinsa.

Inna ba ta yi kuka ba.

Mutane suka zo gaisuwa, suka yi kuka, suka tafi. Ita tana zaune. Ta ɗauki agogon nan ta ƙulle a gefen zanenta. Matar da duk ƙauyen suka san ta da daddawa, ta daina dafa kalwa. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Idan aka yi sallama a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye da sauri, sannan ta koma ta zauna a hankali.

Na ce mata, "Inna, ki ci abinci mana."

Ta ce, "Ka ga gawarsa ne? Ni ban gani ba."

Ina ji ina gani tana ramewa. Har na fara tsoron kada in rasa su biyu a shekara guda.

Malam Bukar ne ya lura ina ɗinka hannun riga a baibai. Ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Tela, me ke damunka?" Na gaya masa komai.

Ya ce, "Kawo min agogon in gani."

Na ce ai ba za ta bayar ba. Ko ni ba ta bari in taɓa.

Ya ce, "To ni sai in je wurinsa."

Ranar da ba kasuwa, sai ga shi a kan kekensa, ya ɗauro ɗan akwatin kayan aikinsa a baya, ƙafafun wandonsa duk taɓo. Ya zauna a zaure. Na shiga na lallashi Inna ta fito, ta zauna daga bakin ƙofa tana kallonsa kamar ɓarawo.

Ya gaishe ta har ƙasa. Ya ce, "Inna, ba zan tafi da shi ko'ina ba. A gabanki zan buɗe, a gabanki zan rufe. In kin ce in bari, na bari."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta kwance bakin zanen.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai, ya buɗe murfin bayan agogon. Ni a ranar na fara ganin cikin agogo. 'Yan ƙananan ƙafafu masu haƙora, wata ta hau kan wata, duk tsatsa da laka sun cinye su. Na ce a raina wannan ai ya gama yawo.

Shi kuwa ya kama aiki. Ya sa hantsaki yana cire su ɗaya bayan ɗaya, yana wankewa a murfin kwalba, yana jerawa a kan ƙyallen. Kafin ya tafi ya tattara su cikin gwangwanin ashana, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki ajiye, Inna. Zan dawo."

Kuma ya dawo. Ya yi ta dawowa. Wani zuwan ruwa ya dake shi a hanya, ya iso jiƙe sharkaf, amma akwatin yana naɗe cikin rigarsa, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

A hankali Inna ta fara matsowa kusa. Har wata rana ta tambaye shi, "Kai wa ya koya maka wannan aiki?"

Ni na san amsar, ban so ta ji ba. Malam Bukar kuwa bai iya kwana-kwana ba. Ya ce, "Wani mutumin kudu ne, Inna, a Kano. Ya riƙe ni kamar ƙaninsa. Da rikici ya tashi ya koma garinsu, ya bar min kayan nan. Ban san ko yana raye ba."

Kudu fa. Can ƙasar da ɗanta ya mutu ke nan.

Inna ta dubi hantsakin da ke hannunsa, ta ce, "Shi ma ɗan wata uwar ne." Ta tashi ta shiga gida. Jim kaɗan sai ga ta da kwanon fura ta ajiye masa.

Rabon da in ga ta dama fura tun kafin zuwan sojan nan.

Matsala ɗaya ta rage. Akwai wani siririn ƙarfe a naɗe a cikin agogo, sifirin muke ce masa, shi ne yake riƙe ƙarfin wani, wato murza kan agogo da ake yi, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Na Yaya Garba ya karye. Malam Bukar ya ce irinsa ba ya samuwa a Gaya, amma zai duba.

Zuwansa na gaba sai ga shi da sifirin. Ya harhaɗa komai, ya ɗiga mai da bakin allura, ya sa sabon gilashi. Ya murza ɗan kan da ake wani da shi, a hankali. Ya kara a kunnensa. Ya miƙa wa Inna.

Ta kara a kunne.

Ina kallon fuskarta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Shi ya tashi. Garba ne ba zai tashi ba."

Sai kuka. Kukan da ta riƙe tun farkon damina, ranar ta yi shi, har maƙwabta suka shigo. Malam Bukar ya sunkuyar da kai yana tattara kayansa, hawaye na ɗiga a kan farin ƙyallen.

Da ta natsu ta share fuska ta ce a kira liman, tana so a yi wa ɗanta addu'a. Da yamma ta ci tuwo, ta nemi ƙari.

Kafin ya hau kekensa ta ce, "Bukar, zo ka nuna min yadda ake ba shi abincinsa." Haka take kiran yi wa agogo wani. Ya koya mata: kowace safiya, a hankali, da ta ji ya yi tauri ta tsaya. Ya nuna mata inda ƙaramin tsinken yake kaiwa idan azahar ta yi, da inda yake kaiwa da la'asar. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma daga baya matan unguwa ita suke aikowa tambaya ko lokacin salla ya yi. Kafin kaka ta koma kan daddawarta. Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, ta ga 'ya'yana, ta goya su.

Yanzu ga inda nawa labarin ya fara.

Ranar kasuwa ina ɗinki sai wani ya tsaya ya tambayi Malam Bukar ƙarfe nawa. Na ga ya duba hannunsa, sannan ya leƙa cikin gilashin teburinsa ya faɗa. Sai a lokacin na lura hannunsa ba komai. Sai farin shatin inda madaurin agogo yake zama.

Na ce, "Malam, ina agogonka?"

Ya ce, "Yana hutawa."

Na matsa masa. Ashe agogonsa da na Yaya Garba cikinsu iri ɗaya ne. Da ya nemi sifirin ya rasa, sai ya buɗe nasa ya cire. Kuma agogon nan shi ne wanda maigidansa na Kano ya ɗaura masa ranar da ya yaye shi.

 Shi kuwa ya ce, "Kai Tela, ni ina zaune a tsakiyar agoguna, lokaci zai ɓace min ne? Koma kan ɗinkinka."

A ranar na yi wa kaina alkawari sai na nemo masa sifirin nan.

To amma me na sani? Duk inda na ji an ce wani yana da mataccen agogo, sai in je. Na je Toranke wurin wani tsohon ɗan doka. Na je Gafasa wurin wani da ya gaji na babansa ya jefa a cikin tukunya tare da tsofaffin makullai. In na shiga Kano sayen yadi, sai na bi ta wurin 'yan gwanjo. Wani in saya, wani in ɗinka wa mai shi riga ya ba ni.

In kawo wa Malam Bukar da murnata. Ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne, Tela. Amma bar shi a nan."

Bayan kwana biyu sai ya miƙo min shi yana tafiya. "Ga naka."

In sake kawo wani. Ba shi ba ne. Ya gyara. "Ga naka."

Tun ina jin haushi har na fara jin daɗi. Na fara gane cewa kowanne da muryarsa. Wani tafiyarsa da sauri-sauri, wani a natse kamar dattijo. Na samo gwangwanin alewa na shimfiɗa ragowar yadi a ciki ina jera su. Da safe kafin in buɗe keke sai na bi su ɗaya-ɗaya na yi musu wani.

A nan ya koya min duk abin da kuke ji ina faɗa a shafin nan kamar nawa ne.

Na taɓa kawo wani mai ƙyalli kamar zinariya, ina ta rawar jiki. Ya buɗe bayansa ya nuna min, ciki duk gwangwani. Ya ce, "Kada ƙyalli ya saye ka. Ka ce a buɗe maka. Wanda ya ƙi buɗewa, ka yi masa sallama cikin mutunci."

Wani kuma fuskarsa ta yi ja saboda tsufa, na ce ko za a goge a sake fenti. Ya kalle ni kamar na zagi wani. "Shekarunsa ne a fuskarsa. Kai za ka yarda a goge naka?"

Ya hana ni yi wa agogo wani yana ɗaure a hannu. Ya hana ni alwala da shi. Ya ce ruwa da gaggawa su ne suka kashe yawancin agogunan da aka taɓa kawo masa.

Kuma kullum sai ya tambaye ni, "Na waye? Ka tambayi mai shi labarinsa?" In na ce a'a, ya ce to rabin agogo na kawo.

Sai cikin shekarun saba'in aka dace. Wani direban babbar mota da ke ɗaukar gyaɗa ya kawo min ɗinkin wando, na ga wani fasasshen agogo a ɗaure a jikin makullansa. Ba gilashi, ba tsinke ko ɗaya. Na roƙe shi ya ba ni, yana ta dariya.

Malam Bukar ya buɗe. Ya daɗe da madubi a ido. Sannan ya cire madubin ya ce, "Tela, rufe rumfarka ka zo ka zauna."

A gabana ya tayar da agogon maigidansa. Ya ɗaura a hannu, ya yi ta jujjuya hannun kamar yaro da sabon takalmin salla. Sai ya dubi gwangwanina, wanda a lokacin ya zama biyu, ya fashe da dariya.

"An aike ka neman ƙarfe ɗaya, ka dawo da garke!"

Na ce to yanzu ai sai in daina.

Ya ce, "Daina mu gani."

Ga shi har yau ban daina ba.

Da agoguna masu batir suka shigo wajen ƙarshen shekarun saba'in, mutane suka yi ta watsar da masu wani. Abokan sana'arsa da yawa suka tattara suka bari. Shi ko a jikinsa. Ya koyi sa batir, yana yi wa mutane da fara'a. In wani ya ce zai yar da tsohon nasa, sai ya ce, "Kai wa Tela, ko ka kai gida ka ajiye wa jikanka. Za a neme su."

Lokacin dariya ake yi masa. Yau ga ku nan, matasa, kuna turo min hotuna kuna tambaya ko wannan na asali ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar salla ce. Na je Gaya na same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Idanunsa sun yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni.

"Tela! Kai ma ka tsufa, muryarka ta nuna."

Ya kama hannuna ya kai kunnensa, ya saurari agogon da na ɗaura. Ya ce, "Wannan yana jin ƙishirwa. Yaushe rabonka da ka sa a yi masa sabis?" Na ce ai mai yi min ne ya yi ritaya. Ya yi dariya har da tari.

Na karanta masa wasu daga cikin saƙonninku. Ya ji daɗi ƙwarai. Da na zo kan wani yaro da ya ce yana so ya fara amma ba shi da hali, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ka ce masa kada ya fara da kasuwa. Ya fara da gida. Ya tambayi tsohuwarsa ina agogon babansa, ina na kakansa. Yana nan a ƙasan wata adaka yana jiransa. Ɗaya ya isa a fara."

Falmata ta kawo mana dambu, ya sa ni na ci sai da na ƙoshi, shi kuwa loma kaɗan ya yi. Da zan tafi ya riƙe hannun rigata yana shafa ɗinkin.

"Har yanzu kana taka keken?"

Na ce sai dai jefi-jefi, don jikoki.

Ya ce, "To ka ɗinka min riga ta babbar salla. Fara. Kada ka cika mata ado, ka san ni."

Na ɗinka. Tana nan a rataye a ɗakina, aljihu kawai ya rage in sa. Ina ta cewa sai na gama in kai masa da kaina.

Ɗazu a wurin zaman makoki na gaya wa Falmata. Ta ce akwai wani dattijo maƙwabcinsu, tare suke zuwa masallaci da babanta, tsayinsu ɗaya, kuma ba shi da mai yi masa ɗinkin salla. Gobe in Allah ya kai mu zan sa aljihun. Rigar za ta je masallacin idi, in sha Allahu, ladan kuma ya isa ga mai ita.

Ban yi baƙin ciki irin na wanda aka yi wa ƙwace ba. Mutumin nan ya yi tsawon rai, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, ya tafi ba wanda yake kuka da shi. Yau na ga mutane daga Ajingi, daga Balan, daga ƙauyukan da ban ma san ya taɓa zuwa ba, kowa da abin alherin da yake faɗa. Kewa ce kawai. Kewa kuwa ba yadda zan yi da ita.

Ya Allah, ga bawanka Bukar ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya sanyaya zuciyar mahaifiyata a lokacin da ba wanda ya iya, ka sanyaya masa makwancinsa. Ka haɗa shi da iyayensa da namu a Aljanna Firdausi. Ka ba Falmata da 'yan uwanta haƙuri, ka albarkaci bayansa.

Ku kuma 'yan uwa, yau ba na neman layik ko sharhi a kan agogo. Duk wanda ya karanta har ya iso nan, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya sa Malam Bukar a cikin addu'arsa.

Allah ya sa mu cika da imani. Amin.